Baƙon da Ya Zauna a Wurin Dangi

Alhamis, bayan La'asar

Jiya aka kai Babakura. Ba zan rubuta yadda abin ya faru ba. Waɗanda suka je Katagum cikin ruwan nan suka ɗauko shi sun sani. Ban tambaye su ba, ba kuma zan tambaya ba.

Shi ne ɗana na ƙarshe da ya rage. Ni aka ce ba zan ga wannan damina ba, ga shi ni ne a zaune ana miƙo mini hannu.

Tun da na ajiye aikin malamin dabbobi ban riƙe biro don kaina ba. Amma ba ni da wanda zan gaya wa. Hidaya matarsa ta shiga takaba, in ta gama Misau za ta koma wurin iyayenta. Saura Ikhlas, jikata. Ita ke shigo mini da shayi, ita ke yi mini tsiya. Injiniya ce a kamfanin ubanta, Tsani, masu kafa ƙarfen sabis suna ba shaguna da makarantu intanet daga nan Azare har ƙauyukan Katagum. Aikin nan kaɗai ya riƙe ta a garin nan. Tun tana makaranta mutanen Kano ke nemanta. In Tsani ya faɗi za ta tafi, in ta tafi kuwa sai ni da bangon ɗakin nan.

Shi ya sa duk wanda ya zo gaisuwa nake dubansa yadda na saba duban saniyar da mai ita ya rantse lafiyarta ƙalau.

Alhamis, bayan Magariba

Alhaji Sherif ya zo ɗazu. Shi ne mai Tauraron Gabas, sana'arsu ɗaya da Babakura, ofishinsu ma titi ɗaya. Babakura ya kafa ƙarfe a Itas, kafin wata ya cika Sherif ya kafa nasa a gefensa. A gidan nan in aka ambaci sunansa sai Babakura ya yi tsaki ya ture kwanon tuwo.

Ya zo da rumfa biyu, ko wacce an rubuta TAURARON GABAS a goshinta da baƙaƙen da ko ni mai hazo a ido na karanta ba tabarau. Ya durƙusa.

"Baba, ya haƙuri?"

Na ce da godiya.

Ya yi addu'a, muka shafa. Ina jira ya miƙe. Bai miƙe ba. Sai ya zagayo ya zauna a damana, a sahun masu karɓar gaisuwa, ya naɗe ƙafa ya ciro carbi.

Yaron da ya tashi a garin nan ma ya san tabarmar makoki gefe biyu ce. Baƙo yana zama a gaba, ya yi addu'a, a ce masa Allah ya ba da lada, ya tashi. Wurin da ya zauna na jini ne. Babakura ne ya zauna nan ranar da uwarsa ta rasu.

Wanda ya zo gaisuwa ba a korarsa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Yau aka yi uku. Mutane sun cika layi har bakin famfo.

Mutanen Walƙiya sun zo daga Kano. Babban kamfani ne, Ikhlas ta ce sun ninka Tsani da Tauraron Gabas a haɗe. Su uku ne, fararen kaya, ba rumfa ba hoto. Babbansu, Injiniya Yunusa, tun daga nesa ya cire takalmi. Ya ce, "Baba, mun yi gogayya da marigayi. Shi ya nuna mana cewa mutumin ƙauye ma yana buƙatar abin nan. Rashin ba naku ne ku kaɗai ba." Ya yi addu'a gajera, ko ruwa bai sha ba, suka tashi. Wannan yaro an yi masa tarbiyya.

Na ga Umara, mataimakin Babakura, ya raka su har mota. Sun ɗan tsaya. Rakiya ba laifi ba ce.

Sherif yana nan a damana. Da mutanen Kano suka gaishe shi, sai ya amsa musu, "Da godiya." Godiyar me? Wa ya mutu masa?

Juma'a, da yamma

Ikhlas ta shigo da shayi, idonta ya kumbura. Ta zauna a bakin gado ta nuna mini waya. Kowane kamfani ya sa hoton Babakura da saƙon ta'aziyya. Na Walƙiya ya yi tsari, har da aya. Na Sherif kuwa tambarinsa ya fi fuskar ɗana girma.

Na ce, "Kin gani ko?"

Ta ce, "Yaransa ne suka haɗa, Kaka. Ba su iya ba ne."

"Sun iya sarai."

Ta yi ɗan murmushi, na farko tun ranar Laraba. Ta ce, "Angona, sha maganinka ka bar binciken mutane. Ba saniya ba ce a gabanka."

Na ce amaryar da ba ta sa wa miji sukari isasshe ba ta da bakin magana. Ta ƙara cokali ɗaya. Ta tashi da sauri don kar in ga fuskarta.

Asabar, da hantsi

Abin ya fara fitowa fili. Mutum ya zo, hannun Sherif yake fara kamawa. Kafin hannun ya iso gare ni ya riga ya karɓe, ya amsa, ya shafa. Sannan ya sunkuyo kunnena ya ce, "Baba, Sarkin Fawa ne." Kamar ban san Sarkin Fawa ba. Ni na yi wa shanun ubansa allura tun zamanin En'e.

Gaskiya ne ba na jin magana in mutane sun yi yawa. Gaskiya ne kafaɗar nan ba ta son ɗaga hannu. Wannan ba hujja ba ce.

Wani mai shagon waya ya riƙe hannunsa ya daɗe, na ji yana cewa, "Alhaji, yanzu kai ne gatanmu." Sherif ya ce masa, "Ba a maganar nan a nan." Bai ce ba haka ba ne. Cewa ya yi ba a nan ba.

Lahadi, da safe

Sherif ya iso kafin a gama shimfiɗa tabarmi.

Lahadi, bayan Azahar

Wani malamin makarantar ƙauye ya ba da labarin yadda Babakura ya hau ƙarfensu da kansa ranar jarrabawa. Sherif ya goge ido da hannun riga. Na ga shanu suna hawaye saboda ƙuda.

Litinin, bayan La'asar

Talatu, mai dafa mana abincin baƙi, 'yarta tana aure a Katagum. Ita ta gaya mini an ga yaran Tauraron Gabas a cikin shingen ƙarfen Tsani na bakin kogi, da motarsu da tsaninsu. Wurin ke nan. Wurin da. Ba zan rubuta ba.

Na sa a kira mini Umara zaure. Ya durƙusa, ya rage murya.

"Baba, ni ma ji na yi. Ban aike su ba."

"Wa ya ba su makulli?"

"Allah shi ne masani. Amma Baba, gari ya ɗauka an gama magana. Mutum ya zauna a damanka tun ranar farko, me kake so mutane su ce? Yaranmu ma sun fara tambayata ko ubangidansu ya canja."

Na ce Ikhlas fa? Ya ce mace ce, kuma yarinya, abin da zai faru ba a gaya mata sai ya faru.

Ko bakwai ba a yi ba. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba.

Na so in tambayi Sherif ido da ido, amma ba a maganar kasuwa a tabarmar makoki. Ya san haka. Ina ganin da wannan ya dogara.

Talata, bayan Azahar

Na yi.

Bakwai ce yau, taron ya fi na uku. Liman ya gama addu'a, an shafa, wuri ya yi tsit kafin a fara rabon waina. Na dafa sanda na juya gare shi, na ɗaga murya yadda na sahun baya zai ji.

Na ce, "Alhaji Sherif, an gode. Allah ya ba da lada. A gaida gida."

Abin da ake gaya wa baƙo ke nan. Kowa ya gane.

Ya dube ni. Sai ya sa carbi a aljihu, ya miƙe, ya ce, "Amin, Baba." Takalminsa ya ɓace a cikin na jama'a, ya daɗe yana nema a sunkuye, mutane suna kallonsa. Babban mutum mai furfura a gemu. Wannan ban so ba.

Da na yi haƙuri kaɗan, da an naɗe tabarmi kowa ya watse. Amma da haka gari zai tashi da cewa shi ne magaji. Yanzu sun ji daga bakina.

Da yamma yaransa suka zo suka kwance rumfa.

Laraba, da safe

Talatu ce ta kawo shayi.

Alhamis, bayan Magariba

Ikhlas ta shigo, ba ta zauna ba. Ta tsaya jikin ƙofa.

"Kaka, ka san wa ya ce masa ya zauna kusa da kai?"

Na ce son zuciyarsa.

"Ni ce. Ni na kira shi a waya ranar da aka kai Baba. Na leƙa ta tagar zaure na gan ka kai kaɗai a tabarma, mutane suna maka magana ba ka ji. Ba ka da ɗa, ba ka da ƙane. Ni mace ce, ba zan fito tabarmar maza ba. Na rasa wanda zan kira."

Na ce duk garin nan sai maƙiyin ubanki?

"Ajinsu ɗaya a sakandare. Ranar sunana shi ya yanka rago. Faɗansu na kasuwa ne, kai ne kake jin tsakin kawai."

"Makullin Katagum fa?"

"Ni na ba su. Batiran sun jiƙe, sabis zai ɗauke wa asibitin ƙauye da makarantu. Yaranmu ba wanda ya yarda ya sake hawa ƙarfen nan. Nasa ne suka hau. Jiya ya janye su. Ya ce ba zai bari a ce ya ci dukiyar marayu ba."

Na ce me ya hana ki gaya mini?

Ta ce, "Da ka yarda?"

Gaskiyarta, da ban yarda ba.

Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya. Mutum yana iya zuwa don an kira shi, ya kuma zauna don abin da ya hango.

Lahadi, da hantsi

An kwana ana ruwa. Gwiwa ta hana ni zuwa masallaci.

Laraba, bayan La'asar

Umara ya bar aiki. Ya tafi da yara uku, waɗanda suka fi iya hawa. Walƙiya za su buɗe ofis a Azare, shi zai riƙe musu. Bai zo ya yi mini sallama ba. Talatu ta ce an gan shi da sabon babur.

Na tuna tsayuwar da suka yi a bakin mota. Na gani da idona, na kuma rubuta da hannuna cewa ba laifi ba ce.

Asabar, da yamma

Injiniya Yunusa ya aiko mini da dabino da zuma, da gaisuwa mai kyau. Ya kuma kira Ikhlas. Suna son ta koma babban ofishinsu na Kano. Sun ce ba za su matsa mata ba, ta yi tunani har a yi arba'in, don girmama marigayi.

Ko da yaushe maganarsu da ladabi. Na ba Talatu zumar.

Talata, bayan Azahar

Sabis ya ɗauke a Katagum tun shekaranjiya. Masu shaguna suna zuwa ofis suna faɗa. Ikhlas tana fita da sassafe da takalmin roba, ta dawo jiƙe. Wuyanta ya fito. Tana kawo shayi, ta ajiye, ta ce sannu Kaka, ta fita.

Na ji ta a tsakar gida tana gaya wa uwarta, "Mutum biyu suka rage mini, Umma. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Hidaya ta ce mata, "To ki je Kanon mana. Me ya rage miki a nan?"

Na kasa kunne. Ban ji amsar ba. Wannan kunnen, in abin banza ne yana ji.

Juma'a, da safe

Na yi mafarkin gidan nan ba kowa, ina kiran sunaye.

Litinin, bayan La'asar

Yau na fita, ban gaya wa kowa ba. Na sa babbar rigata ta Salla, na tsayar da mai Keke a ƙofar gida, ya ɗaga ni ciki kamar buhu. Na ce ofishin Tauraron Gabas.

Yaransa sun gan ni suka sunkuyar da kai. Shi ya fito da kansa, ya kama ni ya zaunar a kujerarsa, ya zauna a ƙasa. Ban so haka ba. Na fi son ya ɗaure fuska.

Na ce, "Alhaji, ban zo da dogon zance ba. Kana son Tsani?"

Ya ce, "Ina so, Baba. Na daɗe ina so. Babakura ya sani, a fuska nake gaya masa, shi kuma ya ce mini sai dai in gani a mafarki."

"Da ka zauna a damana, don Allah ka zauna ko don ƙarfe?"

Ya ce, "Wallahi Baba, ranar farko don yarinyar nan ce, da marigayi. Sauran kwanakin, ni ma na tambayi kaina. Ban sani ba."

A duk waɗanda suka zo mini gaisuwa, wannan ce maganar farko da na yarda da ita.

Na ce abin da na yi maka a gaban jama'a, ka yi haƙuri. Ya ce ya wuce, amma bai dube ni ba da ya faɗa. Bai wuce ba.

Sai na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce, "Ka mayar da yaranka Katagum. Ka yi magana da Ikhlas. Duk yadda za ku yi, ka bar mini ita a Azare."

Ya ce, "Ita nake so fiye da ƙarfen ma. Irinta babu a jihar nan. Amma Baba, ka ji ni da kyau, don kar a ce gobe na yaudari tsoho. Ba zan iya riƙe kamfani biyu ba. In muka haɗa, suna ɗaya ne zai zauna, kuma ba Tsani ba ne."

Babakura da kansa ya zaɓi sunan nan. A ɗakin nan ya zo ya gaya mini, yana dariya, ya ce mutumin ƙauye ma zai hau.

Na ce to.

Na ce kada ta san na zo.

Alhamis, da hantsi

Sabis ya dawo Katagum, in ji Talatu.

Asabar, bayan Magariba

Na yi ta juya abin. In da Sherif ya so Tsani tun farko, wace hanya ce ta fi wannan? Ya zauna, a kore shi a gaban mutane, ya janye yaransa, abu ya lalace, tsoho ya zo da ƙafarsa ya roƙe shi ya karɓa. Ba wanda zai ce ya ci na marayu.

Amma bai san zan kore shi ba. Ko ya sani? Kwana da kwanaki yana zaune kafaɗarsa a jikin tawa. Ni ma da na zauna kusa da saniya haka, zan san ranar da za ta yi harbi.

Astagfirullah.

Lahadi, bayan Azahar

An yi arba'in. Mutane ba su kai na bakwai ba. Walƙiya sun aiko Umara, ya gaishe ni daga nesa. Sherif ya zo, ya zauna a gaba tare da baƙi, ya yi addu'a, ya tashi kafin a ce masa komai.

Talata, bayan La'asar

Ikhlas ta shigo da kofi biyu. Ta zauna a bakin gado.

"Na kira Kano na ba su haƙuri. Mun daidaita da Alhaji Sherif. Ni zan riƙe duk ƙarafan, nasa da namu, ofishina a nan Azare. Yaranmu biyu ma ya ɗauke su."

Na ce alhamdulillahi. Na ce shi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Gobe za a sauke allon Tsani."

Na sa baki a kofi.

Ta ce, "Na yi niyyar in nemi a bar sunan ko a ƙarafan Katagum ne. Na shirya maganata tsaf. Ina buɗe baki ya ce mini wannan an riga an gama da manya." Ta juya cokali a kofinta. "Wane manya gare ni, Kaka?"

Na ce ni da ko ƙofar gida ba na kaiwa.

"Mai Keken da ya kai ka ƙanen Talatu ne."

Ruwa ya fara sauka a kwano. Na kalli ƙafata.

Ta ce, "Da ka tambaye ni."

Na ce, "Da kin ce me? Da kin zauna?"

"Ban sani ba. Wataƙila da na zauna, wataƙila da na tafi da kai. Amma da ka tambaye ni."

Ta tambaya ko a kawo mini allon gida in an sauke. Na ce a'a. Ta ce to ita za ta ajiye a ɗakinta. Ta tattara kofuna ta fita.

Ina jin motsinta a tsakar gida, tana janye shanya daga igiya. Tana nan. Abin da na roƙa ke nan, an kuma ba ni.

Laraba, da safe

Ta ce kar in jira ta da abincin rana. Za ta tsaya ta ga an sauke shi a hankali.